Tela Da Mai Kunnen Zomo

Masu kallon majigi iri biyu ne. Akwai wanda in ya kalla sai ya bi diddigi, ya san wanda ya tsara labarin, da shekarar da aka yi shi, da yawan kuɗin da aka kashe, har in an zauna hira ya hana kowa sa baki. Akwai kuma wanda shi dai kallo ne ya kawo shi. In aka yi tsere ya gyara zama, in aka yi faɗa ya riƙe baki, in an gama ya kaɗe rigarsa ya kama gabansa, gobe in ka tambaye shi sunan majigin ba zai iya faɗa maka ba. Na farkon yakan raina na biyun. To, wannan labarin wani ne daga cikin na biyun, tela, mutum mai kimanin shekara 50, wanda ya yi karatun allo tun yana yaro, ya kuma shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa, har ya iya rubuta awon mutane a littafi.

Ba shi ya je neman abin ba, abin ne ya iske shi har shago. Ana cikin azumi, saura kwana 9 salla, ɗinki ya taru a kansa kamar tsauni, sai aka ɗauke wuta bayan asham. Keken da ake takawa da ƙafa yana nan, amma ba mai hankalin da zai sa almakashi a shaddar mutane cikin duhu. Ɗansa, wanda yake koyon gyaran waya a bakin kasuwa, ya jawo wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya zauna bisa benci ya kunna. Tela ya buɗe baki zai yi masa faɗa ke nan, sai idonsa ya faɗa kan allon.

Ya ga wani birni wanda yaƙi ya cinye, benaye sun zube, ba kowa sai ƙura da baƙin dare. Ga wata mace mai gajeren gashi riƙe da bindiga, tana tsalle tsakanin ginshiƙai, tankar yaƙi tana binta tana ɓarin wuta. Can sai ga wani ƙato ya bayyana, jikinsa duk ƙarfe, ba hanci ba baki irin na mutane, idanu jajaye birjik a fuska, da wasu dogayen abubuwa biyu a ka sai ka ce kunnen zomo.

Tela ya ce, "Kai, waɗannan mutane ne ko zane?"

Yaron ya ce, "Baba, ba mutane ba ne, ba kuma zanen hannu ba ne. Da kwamfuta aka yi su, a Japan."

Ya ce, "Japan ɗin da suke yin keken ɗinki?"

Iyakar abin da ya sani game da ƙasar ke nan: Juki da Brother a shagunan teloli, Honda da Suzuki a kan titi. Aka kawo wuta a daren nan bai lura ba, sai da maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Malam, ko an fasa sallar ne?"

Sunan wannan majigi Appleseed. An fito da shi a shekarar 2004, wani mai suna Shinji Aramaki ne ya shugabanci aikin, labarin kuwa an ɗauko shi daga littafin zane na Masamune Shirow, wanda ya fara fita a 1985. Macen sunanta Deunan, ƙaton ƙarfen kuwa Briareos. Tela bai riƙe ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Ita ya sa mata Mai Gajeren Gashi, shi kuwa Mai Kunnen Zomo, da haka yake kiransu har yau. Tun daga ran nan, in aiki ya yi sauƙi, sai ya ba yaron 'yan kuɗi ya ce ya je wurin masu tura fim ya samo masa "irin na rannan."

Ya kamata a nan a ɗan bayyana yadda ake yin irin wannan majigi, domin wanda ya san wahalar saƙa ya fi ganin kyan zane. Majigi kowane iri ne, hotuna ne tsayayyu ake jerawa, a wuce da su gaban ido da sauri, guda 24 cikin daƙiƙa ɗaya, ido ya ruɗu ya ga kamar motsi. Ku lissafa: cikin minti ɗaya hoto 1,440 ke nan, majigin minti 90 kuwa zai ci 129,600. A da, in majigin zane ne, da hannu ake zana su, a shafa musu launi ɗaya bayan ɗaya. Saboda tsadar aikin ne masu zane na Japan suka saba da rage hotunan, su yi 12 ko 8 kawai a daƙiƙa, su ɓoye ragin da dabarar hannu.

Hanyar kwamfuta dabam take. Ba a zana mutum sau dubu. Sau ɗaya ake gina shi a cikin injin, kamar yadda yaro yake gina doki da laka. A fara da wata raga ta layuka wadda za ta ba shi siffa, a sa masa ƙashi da gaɓoɓi a ciki, a shimfiɗa fata a kai, a sa masa gashi da tufafi. Sa'an nan a gaya wa injin inda fitila take, da inda mai ɗaukar hoto yake tsaye, ko da yake ba fitila ba mai ɗaukar hoto, duk lissafi ne. Injin ya zauna ya ƙididdige inda haske zai sauka da inda inuwa za ta kwanta a kowane hoto. Motsin kuwa sau da yawa daga mutane na gaske ake aro shi. A sa wa ɗan wasa matsattsun kaya masu ɗigo-ɗigo a gwiwa da kafaɗa da wuyan hannu, ya yi tsalle ko ya kai naushi, na'urorin ɗaukar hoto da suka kewaye ɗakin su bi ɗigon nan, a kwashe motsin a zuba wa mutumin da aka gina. Watau tsallen da ya hana tela ɗinki, wani mutum ne mai jini a jika ya yi shi a wani ɗaki, ya yi gumi, wataƙila har ya gurɗe ƙafa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin babbar kasada da wannan hanya shi ne Hironobu Sakaguchi, na kamfanin Square, masu yin wasannin kwamfuta. Suka buɗe ma'aikata a Honolulu, cikin tsibiran Hawayi, suka tara ma'aikata kimanin 200, suka yi shekara 4 suna aiki, suka fito da Final Fantasy: The Spirits Within a 2001. Nufinsu su gina mutane waɗanda ba za a iya bambanta su da na gaske ba. Jarumar, wata likita mai suna Aki Ross, an yi mata silin gashi 60,000, kowanne da lissafinsa. An kashe dala miliyan 137, abin da ya dawo daga gidajen sinima kuwa bai wuce miliyan 85 ba. Aka rufe ma'aikatar, a 2003 kuma kamfanin ya haɗe da wani mai suna Enix.

Tela bai san ko kalma ɗaya daga wannan tarihi ba. Amma da aka kawo masa majigin, ya kalli rabinsa, sai ya ce, "Waɗannan idanunsu ba kowa a ciki. Kamar an tashi gawa an ce ta yi magana." Abin mamaki, wani malamin ƙere-ƙere na Japan, Masahiro Mori, ya rubuta kusan haka tun 1970. Ya ce mutum-mutumi, gwargwadon kamarsa da mutum gwargwadon yadda ake sonsa, har ya kai wani matsayi inda ya kusa zama mutum amma bai cika ba. A nan sai so ya juye ya zama tsoro da ƙyama. Masu Appleseed sun kauce wa wannan rami. Suka bar motoci da benaye da bindigogi su yi kama da na gaske, fuskokin mutane kuwa suka yi su da manyan idanu da shimfiɗaɗɗen launi kamar zanen hannu. Fuskar da ba ta ce ita ta gaske ce ba, ba mai kama ta da ƙarya.

Kowa da idon sana'arsa yake kallo. Direba in yana kallon tseren motoci, hannun mai tuƙi yake duba. Tela kuwa tufafi yake bi. Shi ya fara lura cewa a tsofaffin majigin nan kusan kowa matsattsun kaya yake sawa, ko sulke, ko fata mai tauri, ba mai babbar riga, ba mai mayafi. Ya ce wa ɗansa, "Ba don ado suka yi haka ba, gudun aiki ne. Yadi mai faɗi shi ne mai wuya." Gaskiyarsa kuwa. Sulke abu ɗaya ne, in ya motsa gaba ɗaya yake motsawa. Yadi kuwa kowane taƙi nasa da inda yake nufa. Yana da nauyi, yana tattarewa a gwiwar hannu, iska tana shiga ƙarƙashinsa, in mai shi ya tsaya shi bai tsaya ba tukuna. Sai injin ya lissafa duk wannan, in ya yi kuskure kaɗan sai ka ga hannu ya huda riga ya fito ta waje, ko gefen zane ya tsaya ƙiƙam kamar an sha shi da sitaci. Tela yakan sa a tsayar da hoto, ya matso da fuska, ya nuna da ɗan yatsa ya ce, "Ka ga nan? Ba inda aka haɗa hannun da kafaɗa. Wannan rigar ba ta sawuwa, sai dai a haifi mutum a cikinta."

Da aka zo kashi na biyu, Appleseed Ex Machina na 2007, akwai inda Mai Gajeren Gashi ta ajiye kayan yaƙi ta sa rigar biki. Tela ya dubi yankan ya ce wannan kam hannun tela ne, ba na mai zane ba. Ashe kuwa wata shahararriyar mai tsara tufafi ta ƙasar Italiya, Miuccia Prada, ita ta tsara wa jarumar kaya biyu a majigin. Amma abin da ya fi ƙayatar da shi duka alkyabbar Kyaftin Harlock ce, a majigin da Aramaki ya yi a 2013, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 30. Harlock ɗan fashin sararin sama ne, mai ido ɗaya da tabo a fuska, wani mai zane Leiji Matsumoto ya ƙago shi, labarinsa ya shahara tun 1977. Alkyabbarsa baƙa ce mai jan shafi, in ya juya sai ta biyo shi a hankali, ta naɗe, ta warware, ta kwanta. Tela ya sa aka maimaita wurin nan har sau 5. Ya ce, "Yanzu kam sun iya. Wannan yadin yana da nauyi, da za a ba ni shi da na faɗi kuɗin yadinsa."

Samarin da suke taruwa a shagon gyaran waya ba su ɗauki kallon tela a bakin kome ba. Su masana ne. A wurinsu majigin Japan na ainihi shi ne na zanen hannu, na kwamfuta kuwa abin 'yan koyo ne, ba ruhu a cikinsa. Suna dariya in sun ji ya ce Mai Kunnen Zomo. Suna cewa ya kalli kashi na uku na Appleseed, na 2014, bai ma gane cewa labarinsa ya riga na farko faruwa ba. Wani a cikinsu ya taɓa ce masa, "Baba, ai kai ba kallo kake yi ba, hoto kawai kake gani, tun da ba ka karanta fassarar da take wucewa a ƙasa." Tela ya ce, "Ɗana, in mutum ya ɗaga bindiga, sai an rubuta mini abin da yake nufi?"

Samarin nan ba su rasa gaskiya ɗungum ba. Da yawa daga cikin majigin nan labarinsu bai kai hotonsu ba. A yi faɗa na minti 10 mai tsayar da numfashi, sa'an nan a tara dattawa a wani zaure su yi ta dogon jawabi a kan makomar 'yan Adam, har mai kallo ya manta wa ake nema, don me. Ko wanda ya iya karanta fassarar yakan ɓace a hanya. A irin wuraren nan tela yakan yi gyangyaɗi abinsa, ya bar wa yaron sallahu cewa in an fara harbi ya tashe shi. Amma kuskure ne a ce wanda ya yi barci a wurin jawabi bai sami kome ba. Waɗanda suka yi majigin nan a wurin motsi suka zuba ƙarfinsu, shekara da shekaru, mai kallon da ya buɗe ido a wurin motsi kuwa ya karɓi abin da aka dafa dominsa.

Akwai inda shi ma yakan ja da baya. In aka nuna mace da kayan da ba su rufe ta ba, sai ya kau da kai ya ce a wuce. Akwai waɗanda jini ya yi yawa a cikinsu, kamar Gantz: O na 2016, inda dodanni suke yanka mutane a titunan Osaka, wannan ya hana a kunna shi in ƙananan yara suna kusa. Da aka fassara masa cewa a birnin Olimfus na cikin Appleseed rabin mazaunan ba haifarsu aka yi ba, ƙera su aka yi, ya ce, "Astagfirullahi. Halitta ta Allah ce." Can da aka gaya masa cewa ƙerarrun nan ba su haihuwa, an kuma rage musu fushi da ƙauna, sai lokaci lokaci an yi musu magani kafin su ci gaba da rayuwa, ya yi shiru, ya ce, "To, ashe su ma masu labarin sun san iyakarsu."

Wata rana ya tambaya, me ya sa kullum birni a rushe yake? Wannan tambaya tana da amsa. A daren 10 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka ƙone gabashin Tokiyo, mutum kimanin 100,000 suka hallaka. Ran 6 ga Agusta na shekarar aka jefa bam ɗin atom a Hiroshima, ran 9 ga wata a Nagasaki. A Maris 1954 kuma, tokar wani gwajin bam da Amurka ta yi a tsibiran Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, suka kamu da ciwo. A ƙarshen wannan shekara aka fito da Godzilla, dodon da gwajin bam ya tasa daga teku ya zo ya tattake Tokiyo. A gefe guda kuma ga Osamu Tezuka, wanda tun 1952 yake zana labarin wani yaron ƙarfe mai kirki, sunansa ma Atom. Watau mutanen ƙasar sun ga inji ya ƙone su, sun kuma ga inji ya tashe su daga toka ya arzuta su, labarunsu kuwa har yau tsakanin tsoronsa da ƙaunarsa suke kai da kawowa. Ko Vexille na 2007, inda aka ƙaga cewa Japan ta rufe kanta daga duniya shekara 10 har zuwa 2077 don ta ci gaba da ƙera mutanen ƙarfe, yana da tushe: ƙasar ta taɓa rufe ƙofofinta da gaske tun daga 1639 har jiragen ruwan Amurka suka zo a 1853, ba Turawan da aka yarda su yi ciniki sai mutanen Holanda, su ma a wani ɗan tsibiri na Nagasaki.

Duk wannan tela yakan saurara, ya gyaɗa kai, ya manta. Abin da bai manta ba dabam ne, ba kuwa ya faɗa wa samarin.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya saya masa keken ɗinkinsa na fari. Wata rana zare ya yanke wa tela ana gobe ɗaurin aure, yaran shago duk sun fita, wan ya zo gaisuwa a kan babur. Tela ya ce, "Yaya, don Allah ko za ka kai kasuwa ka karɓo mini?" Ya tafi. A hanyar dawowa babbar mota ta banke shi, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Zaren yana cikin aljihunsa aka kai shi asibiti.

'Yan'uwa suka haɗa kuɗi aka yi masa ƙafar roba. Ya sa ta kwana kaɗan, ya cire, ya tura ƙarƙashin gado. Mutumin da dā ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a unguwa ba shi, ya koma ɗaki, ko masallacin ƙofar gida ba ya fita. Ya ce wa matarsa ta tafi gidansu, ta sami mai ƙafa biyu tun tana da sauran ƙuruciya. Ta ƙi. Ya daina yi mata magana sai ta dole. Tela yakan je kowace Juma'a da yamma, su gaisa, a yi maganar farashin hatsi, a yi shiru, ya ajiye abin da ya sawwaƙa ya tashi. Wan bai taɓa cewa laifinsa ne ba. Da ya faɗa ma, da ya fi sauƙi. Haka aka yi wata 14.

Majigin Harlock ɗin nan mai alkyabba, tela bai taɓa ganin ƙarshensa ba. A cikinsa akwai wa da ƙane. Ƙanen ya jawo haɗari a lambun gilashi na mahaifiyarsu, wan ya shanye, ya koma bisa keken guragu, ya zama babban hafsa mai ɗacin rai, ya tura ƙanen leƙen asiri cikin jirgin Harlock ba tare da ya damu ko zai dawo da rai ba. Ba wanda ya fassara wa tela wannan. Ya ga keken, ya ga irin kallon da mai keken yake yi wa ƙanensa, ya ce wa yaron, "Kashe. Dare ya yi."

Ex Machina kuwa ya kalle shi ya fi sau 10. Shi Mai Kunnen Zomo dā mutum ne sosai, kyakkyawa, masoyin Mai Gajeren Gashi. Yaƙi ya ragargaza jikinsa, aka tattara abin da ya saura aka rufe da ƙarfe. A wannan kashi, tun a faɗan farko, cikin wata tsohuwar majami'a, ya kāre ta da jikinsa daga fashewar bam, aka kwantar da shi. Sai hukuma ta ba ta sabon abokin aiki, wani ƙerarre mai suna Tereus, wanda aka yi daga ƙwayar halittar shi Briareos ɗin. Fuskarsa ta dā ce sak, har da 'yan ɗabi'unsa. Ga mutumin da ta sani a tsaye gabanta da fata da gashi, amma ba shi ba ne. Ga kuma shi na ainihin, ba fuska.

Wata Juma'a tela ya ce wa ɗansa ya ɗauko kwamfutar su tafi tare. Suka yi sallama, aka gaisa. Wan ya dubi abin da yaron yake buɗewa ya ce, "Tela, da girmanka? Wasan yara ka kwaso mini?"

Ya ce, "Yaya, faɗa ne kawai. Ka ga yadda suke tsalle, ka yi dariya."

Aka kunna. Uwargida ta kawo kunu ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, wai tana tsince shinkafa. Yaron yana fassarawa kaɗan kaɗan. Wan ya jingina da bango, fuska a murtuke, bai ce uffan ba, har aka wuce faɗan majami'a, aka wuce zuwan mai tsohuwar fuska, aka zo inda Mai Kunnen Zomo ya tashi daga jinya yana gudu bisa ƙafafunsa na ƙarfe. Sai ya ce, "Tsaya. Wannan ƙarfen nasa, ba ya cin naman jikinsa?"

Tela ya ce, "Ba su nuna ba, Yaya."

Ya ce, "Ina za su nuna! Ƙarya ce. Wanda ya zana wannan bai taɓa sa ƙafar da ba tasa ba. Tawa ko taku 20 ban yi ba take saɓule mini fata."

Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti, bai taɓa ambaton ƙafar a gaban ƙanensa ba sai yau. Tela bai dubi fuskarsa ba. Ya durƙusa, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado, ya jawo ta, ya kaɗe ƙurar da gefen rigarsa. Ya zura hannu cikin ramin da dungun yake shiga, ya bi bakinsa da yatsa a hankali kamar mai neman inda ɗinki ya tashi. Ya ce, "Ai dole ta ci ka. Ta yi maka yawa. Dungu yakan rame bayan yanka, ita kuwa an yi ta tun yana kumbure, yanzu kwance kake a ciki kana gogawa. Sai an koma wurin masu yinta sun sake awo. Kafin nan zan ɗinka maka safa ta auduga mai laushi, ninki uku, in juya ɗinkin waje yadda ba abin da zai taɓa fata."

Wan bai ce i ba, bai ce a'a ba. Tela ya zaro tef daga wuyansa. Aka ɗan jima, sa'an nan wan ya janye zanen da ya rufe gwiwarsa da shi. Ɗakin ya fara duhu, uwargida ta ajiye tiren shinkafa ta kawo fitila ta riƙe musu. Tela ya auna kewaye a wuri uku, ya auna tsawo, yana faɗa yaron yana maimaitawa.

Wan ya nuna kwamfutar da haɓa, ya ce wa yaron, "Kai, a ƙarshe wa ta bi? Mai fuskar, ko mai ƙarfen?"

Kafin yaron ya buɗe baki, uwargida ta ce, "Wannan ma sai an tambaya?" Ta ajiye fitilar bisa kujera, ta kwashe kofuna ta fita.

Aka yi shiru. Tela ya buɗe littafin awo, ya lashi bakin fensir, ya fara rubutawa da manyan baƙaƙen nan nasa na ajin dare. Wan ya ce, "In ka tashi, ka haɗa da wando. Ka yi shi da faɗi, yadda zai rufe ta har ƙasa."

Ya ce, "To, Yaya. Na yaushe?"

Ya ce, "Juma'a mai zuwa. Kai kuma, yaro, mai da mu wurin da ya tashi yana gudun nan, in ƙara ganin ƙaryar."